Rasuwar Hasan, Tsinken Cin Abincina Ɗan Japan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gamsu da bayanin da aka yi mata ba, ni Ubaidullahi Sambo, malamin gona a Ikara, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Ikara da Makarfi da Kudan rasuwar Hasan, ɗaya daga cikin tagwayen tsinkayen da nake cin abinci da su. Ya rasu ranar Asabar da ta wuce bayan la'asar, a sabon gidan abincin Shamsuddeen, ƙanin matata, a gaban jama'a masu yawa waɗanda dukkansu suka ce ba su ga komai ba.

Marigayin ɗan asalin ƙasar Japan ne. Na same shi tare da ɗan'uwansa Husaini a shekarun baya, lokacin da aka tura mu can koyon noman shinkafa. Tsohuwar da na sauka a gidanta ta gaji da ganina ina bin ƙwayar shinkafa a kwano kamar kaza, sai ta zaunar da ni ta koya mini riƙon tsinke da busasshen wake, har yatsuna suka saba. Ranar da zan taho ta ba ni su a cikin wani siririn akwati. Baƙaƙe ne masu sheƙi, da zanen jan fure a kai, kuma ɗan tabon da ke wuyan Hasan ne kawai ya bambanta su. Ga wanda bai sani ba, in ana ci da tsinke biyu, na ƙasa zama kawai yake yi, na sama ne yake hawa da sauka. Hasan ne na sama.

Ya kasance mai haƙuri da riƙon amana. Bai taɓa zubar mini da loma a riga ba. Yana ɗaukar ƙwayar gyaɗa guda daga faranti ba tare da ya taɓa maƙwabciyarta ba. Ko ranar da na gwada shi da tuwon masara da miyar kuɓewa, aikin da ya fi ƙarfinsa, bai yi ƙorafi ba. Maganarsa ɗaya ce, ɗan "kas-kas" ɗin da yake yi in ya gaisa da ɗan'uwansa kafin mu yi bismillah.

Babban aikinsa ya fara ne lokacin da samarinmu suka koma kallon girkin Japan a waya, wuraren sayar da abincin ƙasar suka fara ɓullowa a wannan yanki. Da yake ban san wani a nan da ya ci abincin a gidansu ba sai ni, na ga haƙƙi ne a kaina in riƙa zagayawa ina ɗanɗanawa, ina rubuta gaskiya a shafina na Fesbuk. Ni ne mai rubutu, amma Hasan ne mai bincike.

A Makarfi muka fara, wurin Ɗan'azumi, tsohon mai shayi a bakin tasha, wanda ya rataya jan ƙyalle a ƙofa ya ce yanzu ramen yake sayarwa, wato taliyar Japan mai romo. Hasan ya shiga kwanon ya fito da taliyar leda. Ya sake shiga ya fito da rabin ƙwai. A karo na uku ya fito da ganda. Romon kuwa na kan saniya ne, wanda na tabbata tun safe yake kan wuta. Na rubuta cewa daɗi akwai, amma babu Japan ko kaɗan a cikin kwanon. Tun daga ranar, in Ɗan'azumi yana gaishe ni ba fuskata yake kallo ba, aljihun da nake saka akwatin yake kallo.

Daga nan sai Kudan, wurin Malama Firdausi, mai sushi. A can Japan, sushi dunƙulen shinkafa ne da ɗanyen kifi. Na Firdausi shinkafa ce da kifi banda, an naɗe a ganyen kabeji. Hasan ya ɗago shi cikin ladabi, amma ya watse a hanya kafin ya iso bakina. A gefe ta ajiye wani koren abu da ta kira wasabi. Wasabi na gaskiya hanci yake hawa ya sauka nan take. Nata ɗanyen attarugu ne aka niƙa da zogale, kuma ya zauna mini a harshe har na wuce Hunƙuyi a hanyar komawa gida. Haka na rubuta, ban rage ba, ban ƙara ba.

Sai ga Shamsuddeen ya sayar da gonar gadonsa ta Kurmin Kogi ya ce zai buɗe wurin yakitori a nan Ikara, wato gasasshiyar kaza a tsinke irin ta Japan. Ana gobe buɗewa matata Atika ta same ni ina goge tagwayen.

Ta ce, "Malam, yaron nan gonarsa fa ya sayar. In ka rubuta masa irin abin da ka rubuta wa matar Kudan, ba shi da wurin komawa sai ɗakin zauren gidan nan."

Na ce, "Atika, abin da tsinke ya ɗauko shi zan faɗa."

Ta dubi Hasan, ta dubi Husaini, ta ce, "To."

Na daɗe da auren Atika, na san ire-iren "to" ɗinta. Wannan ba ta yarda ba ce.

Ranar Asabar muka isa wurin walimar. Abin da na fara gani shi ne Ɗan'azumi da Firdausi, kowa da kujerarsa a gaba, kamar dangin amarya. Ban taɓa sanin sun san Shamsuddeen ba, ban ma san sun san juna ba. Aka zaunar da ni a babban tebur. Na fito da tagwayen na jera su a kan akwatinsu, mutane suna miƙa wuya suna kallo. Ko ruwa ban sha ba Ɗan'azumi ya duƙo kusa da kunnena.

"Malam Ubaidu, mashin ɗinka ya tare wa motar rake hanya. Direban sai faɗa yake yi."

Na tashi na fita da sauri. A waje babu mota, babu rake, babu direba. Tunkiya ce kawai kwance a inuwar mashin ɗina tana tuƙa. Da na dawo na tarar da Husaini shi kaɗai a kan akwati.

Na tambaya. Kowa ya sunkuya yana duba ƙarƙashin kujerarsa, irin duban da mutum yake yi in ya san ba zai ga komai ba. Shamsuddeen ya taho da faranti yana goge gumi, ya ce, "Yaya, ka fara ci kada ya huce. Zai fito, in sha Allahu."

Ya kuwa fito. A cikin tsinkayen naman da ke farantin akwai wani da ya fi sauran tsawo da kauri. Na ɗaga shi. Ƙarƙashin maiƙo da baƙin gawayi na hango jan furen. An soka masa tsokar kaza tun daga baki har wuya, an kwantar da shi a kan garwashi ana juyawa, sannan aka kawo mini shi a kan farantina. Na kama naman zan zare masa, sai ya ce "ƙas", ya karye biyu. Ita ce maganarsa ta ƙarshe.

Daga ɓangaren mata aka yi wani tari, wanda ni ban ɗauke shi tari ba.

Ga bayanin da aka yi mini, ina kawo shi yadda na ji don jama'a su auna da kansu. Shamsuddeen ya ce wataƙila gangarawa ya yi ya faɗa cikin tiren tsinkaye, shi kuma hayaƙi ya rufe masa ido bai lura ba. To Hasan ba ya gangara, kansa mai kusurwa huɗu ne. Kuma tsakanin teburina da wurin gashi akwai benci, akwai randar ruwa, akwai 'yar katanga. Ɗan'azumi ya ce motar ta samu hanya ta baya ne kafin in fito, alhali bayan wurin kwata ce. Firdausi, wadda kujerarta take dab da tawa, ta ce tana duba saƙo a waya. Atika kuwa ta ce ita tana can tana raba lemo, amma mayafinta yana warin hayaƙin gawayi har muka koma gida.

Wani dattijo daga dangin Atika ya ce ba a fushi da abinci. Don haka na wanke hannu na ci naman da Hasan ya rasu yana ɗauke da shi. Duk idanun wurin suna kan bakina har na gama.

Washegari da hantsi, tun ban sanar da kowa cewa ina zaman makoki ba, sai ga Ɗan'azumi da Firdausi da Shamsuddeen su uku a mota ɗaya sun zo ta'aziyya. Na lura Atika ta riga ta dama kunu mai yawa, ta kuma jera kofuna tun kafin su yi sallama. Ɗan'azumi ya yi doguwar gaisuwa, ya yi addu'ar Allah Ya mayar da mafi alheri, sannan ya miƙo mini wani abu a naɗe a takarda. Cokali ne.

Firdausi ce kaɗai ta kalle ni ido da ido. Ta ce, "Malam, ni ba zan yi maka ƙarya ba. Tun da ka yi rubutun nan 'yan makarantar da suke zuwa wurina suka ɗauke ƙafa. Har shinkafa na zubar. Ina zan samo ɗanyen kifin teku a Kudan? In ma na samo, wa zai ci? Ban taɓa tsinkenka ba. Amma da ya karye ban yi kuka ba."

Maganarta ta tsaya mini a rai fiye da attarugunta, kuma na gaya mata zan sake zuwa Kudan in ci abincinta da sunan da ya dace da shi. Sai dai na lura, cewa ta yi ba ta taɓa shi ba. Ba ta ce ba ta ga wanda ya taɓa ba.

Shamsuddeen bai iya ɗaga kai ba. Sai da suka tashi tafiya ya tsaya a bakin zaure yana murza hularsa, ya ce, "Yaya, to... naman fa?"

Na ce, "Muna cikin rashi, Shamsu."

Marigayin ya bar ɗan'uwansa Husaini, wanda bai taɓa ɗaukar komai shi kaɗai ba, kuma ba zai fara yanzu ba. Ya bar akwatinsu, da wani kwanon shinkafa mai tsaga a baki, da kwalbar baƙin ruwan waken soya da ta kusa ƙarewa. Ya bar ni, da masu bibiyar shafina waɗanda suka dame ni da tambayar me ya hana ni rubutu a kan sabon wurin Ikara. Abin da ya hana ni shi ne, in na yaba, na saka wa waɗanda nake zargi da alheri. In na kushe, na yi ƙarya, kuma gonar Kurmin Kogi ta tafi a banza.

Game da jana'iza, limamin unguwarmu ya ja mini kunne cewa itace ba a yi masa salla, na kuma karɓa. Za a binne gutsattsarin biyu ranar Juma'a bayan la'asar, a bayan gidana, gindin bishiyar lemon tsami. Ana roƙon masu zuwa su tsaya inda zan riƙa ganin hannuwansu. Husaini ba zai halarta ba. Yana ofis a cikin durowa mai makulli, domin shekaranjiya Atika ta tambaye ni ko yana da wani aiki yanzu, wai tsinken tsifarta ya ɓata.

Shamsuddeen ya roƙi a bar shi ya kawo abincin da za a ci a wurin, kuma na amince. Tun da marigayin a bakin aiki ya rasu, ba zan binne shi da rahotonsa na ƙarshe ba. Kazar ta yi laushi har ciki. An shafe ta da ruwan waken soya da citta da mazarƙwailar Makarfi, gefenta ya ɗan ƙone daidai yadda ake so. A duk abin da na ci a ƙananan hukumomin nan uku, shi kaɗai ne ya mayar da ni wata 'yar rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa a Japan, inda nake tsayawa in na taso daga gona. Duk mai hali ya je ya ci.

Atika ta karanta wannan sanarwa kafin in saka ta. Da ta iso wurin naman sai ta ajiye wayata a hankali ta shige kicin, ina jin ta tana kiran ƙaninta tana cewa, "An gama." Na tambaye ta me aka gama, ta ce tuwo.

Za a rufe ramin kafin magariba. Ni da kaina zan riƙe shebur.