Ram Ɗin da Bai Kama Ram Ba

"Lafiya lau, Injiniya. Ya gajiya, ya kuma mai jiki?"

"Wane mai jiki kuma, Kaka?"

"Wannan akwatin naki mana. Tun safe nake jiyo nishinsa daga ɗakina."

Tsohon ya jingine sandarsa a bayan ƙofa, ya zauna a bakin gado ba tare da an ce masa bismilla ba. Shekara arba'in ya yi yana gyaran rediyo kafin idanu su fara yi masa gardama. Jikarsa, wadda ta karanta zanen gine-gine, ita ta haɗa kwamfutar nan da hannunta, kaya ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda bai ji labarin a bakin tsohon ba, tun daga mai aski har mai sayar da jarida. A gabanta ne kawai ba ya yarda ya yaba. Yau da ƙarfe huɗu mutumin farko da ya ba ta aikin zanen gida zai zo ya ga abin da ta yi, ga shi kuwa sau biyar ke nan fuskar kwamfutar tana rikiɗewa ta yi shuɗi, komai ya tsaya cak.

"Me likita ya ce yana damunta?"

"Ƙwaƙwalwa ce. Tana cikin aiki sai ta manta inda ta ajiye abu, sai ta faɗi."

"Allah sarki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta gado uwarta."

"Kakanta dai ta gado. Wa ya tashi gidan nan jiya da neman tabarau, alhali yana bisa goshinsa?"

"Gwada ku nake yi, in ga mai ido a cikinku."

"Har da zagin kyanwa, wai ita ta ɗauke?"

"Kyanwar nan ba ta da gaskiya tun asali. Ke dai ki ɗauki gawar nan ki kai wa masu gyara a bakin titi, tun kafin baƙonki ya zo ya tarar da zaman makoki."

"In kai musu? Abin da na haɗa da hannuna? Gara in zana gidan da gawayi a bango."

Amsar ta yi wa tsohon daɗi har cikin ransa, don da ta ce to, da ya ji kunya. Sai ya ɓata fuska don kada ta gane. Ita kuwa ta soka filashi a jikin kwamfutar, ta kunna manhajar da ke gwada ƙwaƙwalwar na'ura. Ba a yi minti biyu ba jajayen layuka suka fara sauka, wani na bin wani.

"Wannan jan fa? Jini take zubarwa?"

"Kuskure ne. Kowane layi kuskure ɗaya."

"Ashe har sakamakon jarrabawarki ta haddace."

"Ni da na fita da daraja ta ɗaya? Kai da ko takardar shaidar haihuwa ba ka da ita?"

"A zamaninmu ganin mutum shi ne shaidar an haife shi. Ruwa dai ba ya tsami banza. Buɗe cikin mu gani."

Ta kashe, ta zare waya daga soket, ta kwance murfin gefe. Tsohon ya sauko da tabarau ya leƙa. Wayoyi a ɗaure tsaf, kowace ta bi hanyarta, fanka uku a jere, ko ƙura babu. Shi da ya san aiki ya san wannan aikin mai hankali ne, amma abin da ya fito daga bakinsa daban.

"Kamar kayan cikin akuya. Ina ƙwaƙwalwar take?"

Ta nuna masa wasu 'yan falle biyu masu tsawon yatsa, a tsaye cikin gurbinsu. "Ga su. Ram ake ce musu."

"Ram? To ai da sauƙi. A rediyo, in batir huɗu suka haɗa baki, ɗaya-ɗaya muke cire su har mu yi ram da ɓarawon. Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya."

"Tsohuwar zumar da ta ƙone talabijin ɗin Baba?"

"Talabijin ɗin nan kwanansa ne ya ƙare."

Ta yi tsaki, amma ta bi shawarar. Na farkon sai da ta danne 'yan maƙallansa biyu kafin ya fito. Na biyun kuwa tana taɓa shi ya yi girgiɗi, maƙalli ɗaya a buɗe yake tun ranar da ta saka shi. Ta tsaya tana kallonsa, bakinta a sake.

Tsohon ya bushe da dariya har da tari. "Sunansa ram, amma bai kama ram ba. Wace Injiniyar ce ta yi wannan aika-aika? A kira min mai aski in gyara labarin da na ba shi."

"Wane labari ka ba mai aski?"

"Ba ruwanki. Amsa min tambayata."

"Laifinka ne, Kaka."

"Ni? Ni da ko kunna ta ban iya ba?"

"Ina shekara bakwai na karya maka maɓallin rediyo. Ka kama hannuna ka ce, kayan wuta lallaɓa su ake yi, duk wanda ya danne su da ƙarfi ba mai gyara ba ne, mahauci ne. Da na zo saka wannan na ji ya yi tauri, sai na ji muryarka, na ɗauke hannu."

Tsohon ya daina dariya. Shi kam ya manta ya taɓa faɗin haka. Shekara goma sha bakwai yarinyar nan tana riƙe da maganar da ya yi a tsaye, da sukundireba a hannu. Alfahari ya cika shi har ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya shiga goge tabarau da bakin riga.

"To yau na ba ki izini," in ji shi. "Zama mahauciya."

Ta mayar da na farkon gurbinsa, ta daidaita falle na biyun, ta ɗora manyan yatsunta biyu, ta danna. Tsohon ya runtse ido kamar haƙorinsa ake cirewa. Ƙas, maƙallin ya rufe.

Ta sake kunna gwajin. Suka zuba ido, agogon bango yana ta cin lokaci. Minti goma, minti ashirin, minti arba'in, ko ɗigon ja babu. Ta buɗe zanen gidan, ta juya shi gaba da baya, kwamfutar ko gezau. Saura kwata huɗu ta cika.

"Kaka, yanzu ƙwaƙwalwar wa ta lalace a gidan nan?"

"Ta kyanwa."

Ya laluba aljihu ya ciro ƙaramin sukundirebansa mai jan ƙota, wanda ko 'ya'yan cikinsa bai taɓa bari sun taɓa ba. Ya ajiye shi a tafin hannunta, ya naɗe yatsunta a kai.

"Ungo, mayar da murfin. Yabon gwani ya zama dole, Injiniya."

Wannan karon babu zolaya a sunan, ta kuwa ji. Ta sunkuyar da kai tana ɗaure noti. "In ka manta ka ba ni, gobe kada ka ce kyanwa ce."

"In na manta ke za ki tuna min," in ji tsohon yana dariya, ya miƙa hannu ya ɗauki sandarsa. "Ai na ga ke kina riƙe abu ram."