An Ari Tumatirina Don a Koya Mini Noma

Yau da hantsi, jama'a, aka tsaya a tsakar gidana aka kira ni malalaci. Ba da wannan kalmar ba, manya ba sa zagi kai tsaye. Cewa aka yi ina cikin "masu ƙarancin kishin dogaro da kai". Su uku ne, kowa da riga mai tambari. Na gabansu ya dubi simintin gidan fayau, ya girgiza kai, ya ce, "Baba, ko ganye ɗaya babu? A wannan zamanin?" Na buɗe baki zan amayar da abin da ke cikina, sai uwargida ta yi tari daga kicin, irin tarin da na san ma'anarsa shekara ashirin da biyu. Na ja bakina na tsuke.

Bari in koma baya, kada ku ce tsufa ya fara taɓa ni.

Wata huɗu da suka wuce ina layin mai, ina tura babur taku ɗaya duk rabin awa, sai rediyon wata mota ya kawo mana jawabin Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle. Ya ce talaka ya daina kukan tsadar kayan miya, ya shuka nasa. Allah ya ƙara masa basira. Kafin ya faɗa, mu ai mun ɗauka a cikin kwando tumatir ke tsirowa. Man dai ban samu ba, amma na dawo gida da himmar noma har wuya.

Matsalar ita ce gidan haya nake, tsakar gidan ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba, kuma nan uwargida ke shanya. Muka yi zama. Ta ce, "Maigida, na ba ka wata huɗu. In na jefa tumatirinka a tukunya, wurin ya zama naka. In ban jefa ba, igiyata ta dawo, kuma kada in ƙara jin kalmar lambu a gidan nan. Ban manta da kiwon zomonka ba." Zancen zomo ba na yau ba ne, mu bar shi.

Na tattara tsofaffin bokitai da buhuna goma sha ɗaya, na huda gindinsu da ƙusa mai zafi, na cika su da ƙasa da takin awaki. Cikin zumuɗi har da bokitinta shuɗi na huda, wanda ta yi wa alama da jan farce don kada ya ɓace a bakin famfo. Kwana biyu da hannu take yi mini magana. Famfon kuwa sai ya ga dama yake zuwa, don haka da ruwan ɗauraya na raine su. Na yayyaga tsohuwar rigata mai zanen dara na ɗaure rassan a jikin kara. Maƙwabcina tela kullum sai ya leƙo ta katanga ya ce, "Babban manomi, yaushe za mu kira tirela?" Amma da tumatirin ya fara ɗaukar ja, shi ne ya fi kowa yaɗa labarin a unguwa.

Bakin nan nasa ne ya ja mini. Ashe shi ke ɗinka wa Ofishin Wadata Tukunya riguna. Makon jiya wata farar mota ta tsaya a ƙofata, wani mai fayil ya fito yana ta "ranka ya daɗe". Ni da ko mai rake bai taɓa ce wa haka ba. Ya ce jibi Mai Girma zai buɗe lambun gwaji inda za a koya wa jama'a noman gida. An yi katanga, an yi ƙofa, an kafa allo, an ɗauki maigadi. Abu ɗaya ne ya rage: kwamitin zaɓen iri bai gama zama ba. Shi ne suke neman aron shukata na yini guda, kuma za a ambaci sunana a lasifika.

Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Da hannuna na taya su lodi, uwargida na ta kai-kawo a bayanmu.

Ranar taron ba a bar ni na shiga ba, ba ni da kati. Ta wayar katanga na hango Mai Girma ya sunkuya ya tsinki jan tumatirin nan na farko, wanda nake yi wa sannu da kwana kowace safiya. Ya ɗaga shi sama aka ɗauki hoto, aka tafa, ya miƙa wa na bayansa, shi kuma ya goge hannu ya jefar. Wallahi ya yi mini ciwo. A lasifika kuwa an gode wa ƙwararrun da suka yi wata shida suna bincike.

Washegari na koma ɗaukar kayana. Maigadi ya nuna mini an rubuta wa kowane buhu lamba da fenti, sun zama kayan ofis. Fitar da su sai da sa hannun darakta, darakta kuma ya tafi taron tattalin ruwa a ƙasar waje. Na ce to a ba su ruwa mana. Ya ce, "Baba, ban-ruwa ba sashenmu ba ne, an rubuta takarda." Na roƙa in shiga da buta, ya ce doka ta hana baƙo taɓa kayan gwaji. Kwana biyar ina zuwa ina kallonsu suna sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya. Jiya ko akuya ba za ta kalle su ba.

Shi ne fa yau, ranar da wa'adin uwargida ke cika, masu zagayen duba lambunan gida suka iso. Bayan wa'azin, na gabansu ya ba ni ƙasida, ya ce in je lambun gwaji in buɗe ido. Na duba bangon ƙasidar: ga Mai Girma, ga tumatir, ga tsumman rigata mai zanen dara ya fito raɗau.

Da suka fita na zauna a bakin ƙofa. Na ce, "Uwargida, ɗauko igiyarki. Na faɗi."

Ta ce, "Taso ka ɗaga mini gangar ruwan nan."

Na ja gangar gefe. Ga shuɗin bokitin nan a lungu da jan farcensa, ganye kore shar, tumatir uku sun nuna jajir.

Ta ce, "Kai ka ba da aron naka. Ni ban ba kowa aron bokitina ba. Kana can kana ranka ya daɗe, ko ƙirga abin da aka loda ba ka yi ba." Ta tsinke su ina kallo, ta yanka, ta jefa a tukunya. Ta ce, "Wurin ya zama naka. Amma igiya za ta dawo, a gaba za a ɗaura ta, zannuwan gado su yi maka labule. Kuma in tela ya ƙara leƙowa, ka ce masa ka tuba da noma."

Miyar ta yi daɗi, kuma idona da ya kawo ruwa, albasa ce.

Saboda haka duk wanda ya wuce ta layinmu ya ga zannuwa a rataye ko ana ruwan sama, ya wuce abinsa. Idan kuma an karanta wa Mai Girma wannan shafin, ranka ya daɗe, mu nan gidan malalata ne, shanya kawai muke yi.