Saniyata Ta Samu Aikin Gwamnati

Jama'a, ku taya ni murna. Jiya saniyata ta shiga aikin gwamnati, ni kuwa na dawo gida da ciwon baya.

Shekaranjiya ne mota mai lasifika ta zaga unguwa tana shelar cewa duk mai dabba ya kawo karansa filin makaranta. Wai an sayo injin da zai daddatse kara, a yayyafa masa ruwan takin yuriya, a rufe da leda, ya zama abincin da dabba za ta ci har ta manta da ɗanyar ciyawa. Uwar yara ta ce, "Malam, tashi ka je. Nonon da saniyar nan ke bayarwa ko shayin Auta ba ya isa." Gaskiyarta. Tun da rani ya kama, haƙarƙarin saniyar a waje yake, sai ka rataya riga a ƙugunta.

Jiya da safe na loda kara a baro, na ja saniya, muka tafi. Maƙwabcina tela ya bar kekensa ya biyo ni da nasa damin a ka.

Mun gasu a rana har bayan azahar kafin Mai Girma Uban Kwamitin Ƙosar da Dabbobi ya iso da jerin motoci, Allah ya ƙara masa sanyin mota. Ya yi jawabi mai ratsa jiki. Ya ce daga yau an kashe yunwa a garke. Muka tafa. Saniyata ta yi kuka, aka ce ita ma ta gamsu.

Sai ga mai ɗaukar hoto yana bin dabbobi ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kan tawa sai fuskarsa ta washe. "Baba, wannan taka ce? Kai, madalla! Irinta muke nema tun safe." Tunda nake, ba a taɓa yabon saniyar nan ba. Aka ja ta gaban rumfa, aka rataya mata allo a wuya: KAFIN SHIRI. Aka jawo wani ƙaton bijimi yana sheƙi, aka rataya masa nasa: BAYAN SHIRI.

Tela ya taɓa ni. "Wancan ba bijimin mahaucin layinmu ba ne?"

"Shi ne."

"To taka ai mace ce."

Na ce masa ya yi shiru, bai san ƙarfin kimiyya ba. Shirin da zai mai da saniya bijimi tun ba a kunna inji ba, ai ba na wasa ba ne.

Injin kuwa, tabarkalla, fenti sai ɗaukar ido. Mai Girma ya yanke ƙyalle, ya danna maɓalli. Shiru. Ya sake dannawa. Wani mai babbar riga ya raɗa masa cewa man injin an juye shi a motocin rakiya. Sai Mai Girma ya riƙe kara guda a bakin injin, ya yi murmushi, aka ɗauki hoto. Buhun yuriya ɗaya ne tak, shi ma ba a farke shi ba, don kada ya ɓaci a hoto.

Na tare wata ma'aikaciya na ce, "'Yata, yaya ake haɗin? Na ji an ce in takin ya yi yawa dabba mutuwa take." Ta ce, "Haka ne, Baba, amma bayanin awo sai a zango na biyu." Wato a zangon farko an koya mana tafi.

Kafin la'asar an ɗora injin a babbar mota, zai je wani gari a sake ƙaddamar da shi. Na turo barona gida, saniya na bina tana zarar karan tana tauna shi yadda Allah ya halicce shi. Uwar yara ta dubi baro, ta dube ni, ta miƙo mini adda. Yanzu haka da hannu nake sara, ina barbaɗa ɗan gishiri da dusa, Auta kuma yana shan shayinsa baƙi.

Amma kada ku ce mun tashi a banza. Da safen nan mai hoto ya aiko a gaya mini in kula da saniyar sosai, kada in kuskura in bari ta yi ƙiba, don akwai wani taron a wata mai zuwa. Na ce a gaya wa Mai Girma ya kwantar da hankalinsa. A wannan fannin dai, gwamnati ba ta taɓa barinmu mu kaɗai ba.