Ranar da Na Yi wa Dokin Surukina Tausa

Ni dai ban taɓa hawa doki ba, amma na sha ganin ana yi wa 'yan ƙwallo tausa a Dutse. Saboda haka da matata ta ce dokin mahaifinta yana ɗingishi, sai na ce wannan ai aikina ne.

Na ɗaure kwalbar man shanu a bayan babur na nufi Kiyawa. Na tarar da dokin a turke, ya ɗage ƙafar baya guda yana lumshe ido. Nan take na gano ciwo. Na naɗe hannun riga, na shiga murza daga cinya har kofato, ina yi wa jama'a bayanin yadda jijiya ke harɗewa. Surukina yana kan tabarma yana jan carbi. Duk sanda na ɗago sai ya kau da kai ya ce, "Madalla." Na ɗauka ƙwarewata ce ta cika masa ido, ashe kunyar surukuta ce ta ɗaure masa baki.

Sai da na jiƙe sharkaf Yaya Sale, wan matata, ya shigo ya ce, "Malam, hutar da wannan ƙafar yake, haka doki ke gyangyaɗi. Ta gaba ce ta taka ƙusa."

Dokin bai manta alheri ba. Har tsufansa, in ya ji muryata sai ya ɗage min ƙafar nan. Yaya Sale kuwa har yau ina sallama zai ce, "A shimfiɗa tabarma, likitan masu lafiya ya iso!"