Zauren da Na Auno a Kebbe

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da ranin da na fara ginin gidana a Tambuwal. Lokacin ina noma da damina, ina saƙa da rani, kuma ni da matata Hajo da 'ya'yanmu uku muna cushe a ɗaki ɗaya cikin gidan Baba. Ƙanena zai yi aure, Baba ya ce ɗakin nan shi za a ba kafin ruwa ya sauka. Mai unguwa ya yanka mini fili kusa da ganuwa ta gabas, ba nisa da kududdufi. Na haƙa ƙasa, na kwaɓa ta da ciyawa, na shiga dunƙula tubali ina jerawa a rana. Da yamma nakan tsaya ina kallonsu ina jin daɗi, har ina gyara muryata kamar wani ya gaishe ni.

Ina cikin wannan jin daɗin labarin Umaru ya iso.

Umaru taubashina ne, ɗan Gwaggo Kulu, ƙanwar Baba da ke aure a Kebbe. Shekara ɗaya aka haife mu, amma tun muna yara shi ke gaba. Ya riga ni sauke Alƙur'ani, ya riga ni aure, har gemu ya riga ni. Ga shanu kuma, gadon mahaifinsa. Abin da ya fi ba ni haushi, mutumin kirki ne. Da yana da girman kai da na sami abin kamawa. (Na yi shekaru ina nema, ban samu ba.)

Wata mai sayar da daddawa daga Kebbe ce ta shaida wa Innarmu cewa Umaru ma ya fara gini. Da la'asar muna zaune tsakar gida Inna ta ce, “An ce tubalin Umaru awa ƙwai, duk kansu ɗaya.” Hajo ta ɗaga kai daga tankaɗen da take yi ta dube ni, ta mayar. Wataƙila tsakin hatsi ne ya shiga mata ido. Ni dai na fassara kallon nan fassara bakwai, babu mai daɗi a ciki. Na koma filina na sake duba tubalina. Waɗanda jiya nake alfahari da su, yau sai na ga wani kamar gwanda, wani kamar kan jaki.

Bayan kwana biyu na ce zan je Kebbe gaida Gwaggo, don na ji ƙafarta na ciwo. Baba har ya sa mini albarka saboda zumunci. Na ari jakinsa, na kwana ɗaya a hanya, na shiga Kebbe da hantsi.

An karɓe ni yadda ba na so, wato da murna. Gwaggo ta dama mini fura da nonon da ya kusa tsayar da ludayi. Umaru ya rungume ni yana kirana bawansa, irin wasan taubasai, ya ja hannuna zuwa wurin ginin. Na ɗaure jakina jikin wani ɗan ƙaramin gini da na ɗauka rumbu ne, muka zaga. Ya nuna mini inda katanga za ta bi, da inda ɗakin matarsa zai zauna, ni kuwa ba na jin komai, domin idona ya riga ya faɗa kan wani abu. A gaban filin, daura da hanya, an ɗora wani ƙaton gini mai da'ira, ya kai gwiwa, da ƙofa mai faɗi. Ban taɓa ganin zaure irinsa ba sai a gidan sarauta.

Umaru ya ga inda nake kallo, ya ce, “Wanga kuwa, ai shi na nika son in gwada maka, saboda…”

Na ce, “Na gani, na gani. Ya yi kyau. Allah ya sa a gama lafiya.”

Na tare shi ne don zuciyata ba za ta ɗauki jin ƙarshen maganar ba. A raina na riga na ƙarasa masa: saboda baƙinsa da yawa, saboda fatake na sauka wurinsa, saboda shi Umaru ne ni kuma masaƙi.

Aka kira azahar. Na ce ya yi gaba, zan kama ruwa in biyo shi. Yana ɓacewa na kwance igiyar jakin Baba, na duba gabas na duba yamma, na tsallaka cikin da'irar nan. Na danne bakin igiyar da dutse a gefe ɗaya, na ja ta zuwa ɗaya gefen, ba ta kai ba. Na kwance rawanina na ƙara. Inda ya tsaya na yi ƙulli. Kafin in kai masallaci an yi raka'a biyu, kuma sauran biyun da na samu, Allah ya gafarta mini, lissafin tubali na yi a cikinsu.

Da na dawo Tambuwal ban ko sauke kaya ba na nufi gidan Baba Sambo magini, tsohon da ya gina rabin unguwarmu. Na kai shi filin, na shimfiɗa igiya da rawani a ƙasa, na ce ga faɗin zaurena, a ƙara kamu biyu a kai.

Ya bi igiyar da ido har ƙarshenta, ya dawo da idon kaina. “Wanga zaure na, ko fagen kokawa?”

Na ce zaure ne.

“Wa za ya ɗaura mai tsaikon jinka? Babu gwangwalar da ta kai rabinai. In kuwa soro kaka so, sai an kafa ginshiƙai fuɗu, kuma tubalinka ba su kai ba. Ka fara da ɗakin iyali, yaro. Zaure ba ya gudu.”

Na ce masa akwai irinsa a Kebbe, da idona na gani. Ya ce shi ma ya je Kebbe, bai san mutanenta sun haukace ba. Daga ƙarshe ya kafa turke a tsakiya, ya ja da'ira da tsinke, yana cewa, “Ni magini na, abin da mai gida yac ce shi nika yi. Amma ka shaida na faɗa maka.”

Ginin nan ya shiga cin tubali kamar rami. Duk waɗanda na tara domin ɗakin kwana da madafa suka tafi cikinsa, bango bai wuce ƙirjina ba. Na bar saƙa, na koma kududdufi, tun safe har rana ta faɗi ina cikin laka. Wata rana Hajo ta kawo mini abinci, ta tsaya a tsakiyar da'irar da kwano a hannu tana juyawa a hankali.

Ta ce, “Malam, mu ina za mu kwana?”

Na ce, “Za a yi.”

“Jiya na ga hadari ta gabas.”

Na ce hadarin bazara ne, ba ya komai. Ta ajiye kwanon ta tafi. Na san tana da gaskiya, kuma na san ranar ɗaurin auren ƙanena na matsowa, amma a daidai lokacin mutane sun fara tsayawa suna kallon ginin, wannan kuwa ya fi mini kome. Wasu suka ce makaranta zan buɗe. Wasu suka ce an yi mini alkawarin sarauta. Ban ƙaryata kowa ba. A rumfar masaƙa har na ce, cikin sanyin murya irin ta wanda ba ya son yabo, ko a Kebbe ba za a sami kamarsa ba. (Wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa a ranin nan, ita ma ban san gaskiya ce ba.)

Baba ne ya ga abin zai kai mu ga kwana a waje, ya kira gayya. Bai gaya mini ya aika Kebbe ba.

Ranar gayya unguwa ta fito. Mata suna ɗebo ruwa, samari suna cikin laka har cinya, mai ganga yana zuga su, Inna da Hajo suna fama da tukwanen tuwo. Ni kuwa na sa riga mai tsabta ina kai da kawowa a bakin zaurena kamar wanda aka naɗa. Da hantsi sai ga jakuna uku sun shigo ta ƙofar gari ɗauke da gwangwala, Umaru na gaba, Gwaggo Kulu a kan na ƙarshe. A bayanta wani makiyayinsu yana jan farar karsana.

Na ji daɗi ƙwarai. Ranar da nake jira ke nan. Na tsaya inda zai gan ni ya ga ginin a lokaci ɗaya.

Umaru ya gaida Baba, ya gaida dattawa, ya juyo. Na ga idonsa ya buɗe, na ce a raina, to, yau kai ma ka ɗanɗana. Ya zaga ginin, ya dafa bangon, ya ce, “Taubashi, ya fi nawa. Wallahi ya fi nawa. Amma ka yi mai tsawo da yawa, ai ba su tsallake ko rabin haka.”

Ban gane su wa ba ne ba sa tsallakewa. Kafin in tambaya an sauko da Gwaggo daga jaki, ta dogara sandarta ta nufo ni, fuskarta cike da murna. Gwaggo kunnenta ya yi nauyi, saboda haka idan tana magana har bayan ganuwa ana ji.

“Barka, ɗana, barka. Ashe Allah ya yi. Ina shanun?”

Na ce, “Waɗanne shanu, Gwaggo?”

“Kai, bar ɓoye mini. Ni da idona nig gane ka ta kafar zana ran da kaz zo, kana awon garken maruƙan Umaru da igiyar jaki, har da rawaninka. Nic ce wa Ubangiji godiya, ɗan wana ya yi shanu shina jin kunyar faɗi. Duk Kebbe na shaida musu. Ga karsana nan na kawo maka, a haɗa da naka.”

Mai ganga ya fara tsayawa. Daga nan samarin da ke cikin laka suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Na ji muryata, ƙarama kamar ba tawa ba, tana cewa, “Garken maruƙa?”

Umaru ya dube ni, ya dubi ginin, na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Ya rage murya don ya rufa mini asiri, amma wurin ya yi tsit, kowa ya ji. “Kura ta ci mini ɗan maraƙi biyu bara, shi ya sa nig gina musu. Ai shi nika son in gaya maka rannan.”

Na ce, “To, zaurenka fa?”

“Wanda kad ɗaure jakinka a jikinai.”

Baba Sambo ne ya fara. Bai yi dariya ba, ya dai goge hannunsa a zane ya ce, “Dama na ce mutanen Kebbe ba su haukace ba.” Sai wurin ya fashe. Wani saurayi ya zauna daɓas cikin laka yana riƙe da ciki. Matan da ke ɗebo ruwa suka sauke tuluna don kada su fasa. Gwaggo, wadda ba ta ji komai ba, tana ta tambayar a gaya mata abin da ya faru, wani kuma ya ɗauki nauyin yi mata bayani da ƙarfi, tun daga farko, don wanda bai ji ba ya ji. Umaru ya yi iya ƙoƙarinsa, ya cije leɓe, ya dubi sama, daga baya haƙƙin taubashi ya rinjaye shi ya durƙusa yana share hawaye. Na nemi Hajo da ido. Ta juya baya tana tuƙa tuwo, kafaɗunta suna rawa.

Na tsaya cikin riga mai tsabta a ƙofar garken da ya fi kowane garke a ƙasar nan, da kamu biyu, ba ni da ko akuya.

Baba ya bari aka yi dariya ta ishi kowa, sannan ya ce, “To, ya isa. Ku zo mu yi wa yarinyar ga Hajo ɗaki.” Aka rushe saman bangon aka kwashi tubalin, Baba Sambo ya ja sabuwar da'ira daidai ta mutane. Umaru ya tuɓe riga ya shiga laka, ya kwana uku yana aiki tare da mu. Da gwangwalarsa aka ɗaura tsaiko. (Miƙaƙƙu ne sumul, babu ko ɗaya mai lanƙwasa, kuma ina cikin wannan hali ma sai da hakan ya ɗan sosa mini rai.) Muka tare saura kwana shida ruwan farko ya sauka.

Na roƙi Gwaggo ta koma da karsanarta, ta ce abin da ta bayar ta bayar. Haka dabbar nan ta zauna ita kaɗai a tsakiyar abin da ya rage na ginin, masu wucewa suna leƙowa suna yi mata sallama, suna tambaya ko maigidan yana ciki. Zaure kuwa sai bayan shekara biyu na yi, ɗan ƙarami, mutum biyar su cika shi. Har yau tsofaffin unguwarmu Mai Garke suke kirana, baƙi kuma suna gaishe ni da girmamawa suna tambayar lafiyar dukiya.

Ba zan ce muku daga ranar na daina kishin Umaru ba, don ƙarya ba ta dace da mai furfura ba. Da ya sayi doki sai da na yi kwana biyu tuwo ba ya mini daɗi. Abin da na koya bai kai haka girma ba: idan zuciyarka ta nace sai ta yi kishin abin wani, ka daure ka bar shi ya gama gaya maka ko mene ne.