Saƙon da Na Rubuta da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da ilimina ya ajiye ni Katsina ba, alhali tikitina Sakkwato ya ce.

Na je Abuja ganin likitan ido, kuma washegari Asabar da hantsi za a ɗaura auren Hadiza, ɗiyar marigayi wana, a Shinkafi. Ni ne waliyyi. Ɗana ya saya mini tikitin jirgi don kada in makara, ƙanena Sani kuma ya tafi Sakkwato da mota ya tarbe ni.

Tun safe muke zaune a filin jirgi. Azahar ta wuce, ƙafafuna suka kumbura, sannan aka ce jirgin Sakkwato sai gobe da yamma. Wata ma'aikaciya ta ji tausayina, ta ce akwai na Katsina, amma ya cika. In na yarda za ta sa ni cikin masu jiran tsammani, in wani bai zo ba in samu kujerarsa. Na yi lissafi: Sani ya juyo Katsina, mu kama hanyar Jibiya da asuba, mu bi ta Zurmi, mu isa a kan lokaci. Na tsaya ina addu'ar Allah ya sa wani bawan Allah ya makara (Allah ya yafe mini wannan).

A ƙarshe aka kira sunana.

To, shekarata ɗaya ke nan a ajin yaƙi da jahilci. Da can kira nake yi kamar kowa. Ranar sai zuciya ta ce, Mamman, nuna wa Sani ka waye. Na zauna a kujerar jirgi ina tsintar baƙaƙe a waya ɗaya bayan ɗaya: kada ka jira Sakkwato, taho Katsina. Na karanta sau uku, na ji daɗin kaina. Aka ce a kashe waya, na kashe.

Mun sauka dab da magariba. Babu Sani. Na kira shi a gaban mutane, da muryar babban wa.

"Kai Sani, kana ina?"

"Yaya, ina Sakkwato mana! An ce jirginku bai tashi ba, wayarka kuma a kashe. Kai kana ina?"

"Katsina! Ban rubuto maka ba?"

"Rubutu? Yaya, kai?"

Wannan "kai" ɗin ya ƙona mini rai. Na yi ta faɗa, har na ce shi ne bai iya karatu ba. Wata dattijuwa da ke jiran jikanta kusa da ni ta ce, "Malam, kawo in gani." Ta duba, ta miƙo mini a hankali.

"Ga wasiƙarka nan zaune. Rubutu ya yi kyau, sai dai ba ka tura ba."

Hanyar Jibiya ba a bin ta bayan la'asar. Na kwana a masallacin tasha, da safe na shiga motar da ta ƙi cika. Na isa Shinkafi an gama rabon goro. Sani ne ya ba da auren.

Hadiza ta gaishe ni ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Baba, kai na so."

Har yau ina zuwa aji, ban fasa ba. Amma in na rubuta saƙo, sai in kira mutum in tambaye shi ko ya iso, daga nan in faɗa masa abin da ke ciki.