Giyar da Aka Ƙwace wa Aladu

Wani ne a unguwarmu, can yammacin Melbourne, bayan layin dogo inda tsofaffin masana'antu suke. Ba shi da aikin fari bare na baƙi, sai gemu. Ya tara shi har ƙirji, yana shafa masa mai safe da yamma, don ya ga duk masu dafa giya a unguwar da gemu suke yawo, sai ya ɗauka daga nan sana'ar take farawa.

A garejin yayarsa Kerryn yake zaune, shi da katifa da wani tsohon duro na roba. Wai ɗan kwana biyu ya zo yi. Kirsimeti ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, yana nan daram.

Ran nan Kerryn ta ɗage ƙofar garejin, ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Kai, ƙarshen Janairu nake son garejina. Motata ta gaji da kwana a titi."

"Haba Yaya, ina dab da buɗe kamfani fa."

"Kamfanin me? Na barci?"

"Giya. Giyar hannu, irin ta 'yan unguwa."

"To 'yan unguwar su ba ka wurin kwana. Wata na mutuwa, da kai da duron nan, duk wanda na tarar a nan bola zai tafi."

To, unguwar tana da ƙungiyar masu sana'a: masu walda, masu ɗinki, masu burodi, da ƙananan gidajen giya da suka cika tsofaffin sito-sito. Ƙungiyar tana da babban sito nata, da tankin dafa giya mai ƙyalli. Duk shekara sukan zaɓi sabon shiga guda su ba shi wuri a ciki ya yi sana'arsa kyauta, har ya tsaya da ƙafarsa. A saman siton akwai ɗan ofis mai doguwar kujera. Mutumin naku tankin bai dame shi ba kamar kujerar nan, don ya riga ya auna ta da ido, ya ga daidai tsawonsa ce.

Ya nufi wurin shugabar ƙungiyar, Noelene Pappas, mai ɗinkin rumfunan tamfol. Ya tarar da ita a kan keken ɗinki.

"Ranki ya daɗe, Shugaba!"

"Noelene sunana. Me aka yi?"

"Na zo a ba ni siton nan ne. Ni mai dafa giya ne."

Ta dube shi daga gemu har silifas. "Wa ya taɓa shan giyarka?"

"Ba a kai nan ba tukuna. Amma duk tana cikin kaina."

"Ba ma ɗanɗana abin da ke cikin kai. Asabar ɗin ƙarshen Janairu muke zama. Kowa ya kawo abin da ya yi da hannunsa, mu gani, mu ɗaga hannu. In ba ka da hatsi, je ka tambayi Darcy Mifsud, mai gidan giyar nan na kan kwana. Don haka aka kafa ƙungiyar, babba ya ja ƙarami."

Tambaya kuwa ita ce abin da mutumin nan ya fi tsana a duniya. A ganinsa, mai gemu irin nasa bai kamata a ji shi yana tambaya ba. Don haka da ya isa gidan giyar Darcy bai bi ta ƙofar gaba ba, sai ya zagaya ta baya.

Duk gidan giya, in sun jiƙa sha'ir a ruwan zafi sun tatse zaƙinsa tas, sai su kwashe dusar su zuba a manyan bokitai a ƙofar baya. Ƙungiya ce ta shirya haka: mai burodi ya ɗibi kaɗan, sauran kuma wani manomi ya zo daga bayan gari ya kwashe wa aladunsa. Kowa a unguwar ya san wannan, ban da gogan.

Ya ga bokitai cike fal, suna tururi. Ya tafa hannu.

"Kai! Kyauta, kuma har an dafa mini rabi!"

Yana cikin lodawa a a-kori-kurar da ya aro, sai ga manomin, wani tsoho mai suna Merv, da hularsa mai faɗi.

"Abokina, ina za ka da abincin aladuna?"

"Wane irin aladu? Hatsin giya ne wannan. Ƙungiya ta ce a taimaki sabon shiga."

"Kai ma kiwo kake yi?"

"Allah ya sawwaƙe. Mutane zan ba wa."

Merv ya cire hula ya sosa kai. "Mutane. Me suka yi maka?"

Wannan ya ja bokiti, wancan ya ja, har dusa ta watsu a takalman tsohon. Daga ƙarshe Merv ya sakar masa biyu.

"Ɗauka ka tafi. Amma in sun ƙi, kada ka dawo mini da ita. Aladuna ba sa cin ragowa."

Ya kai gida ya dafa dusar a tukunyar miyar Kerryn, ya tace da rigar matashin kai, ya juye a duro, ya zuba yis, ya rufe. Ya zauna jiran kumfa. Shiru. Ya kara kunne, shiru. Ya ƙwanƙwasa, ya girgiza, har magana mai daɗi ya yi wa duron, ko motsi. Da ya gaji sai ya ɗibi kofi guda ya tafi wurin Darcy, ba don ya yi tambaya ba fa, don ya nuna masa abin da ake kira gwaninta.

Darcy ya ɗaga kofin ya haska shi a rana, ya juya shi, ya cusa hanci. Masu giyar unguwarmu ba sa fitowa fili su ce abu ba daɗi. Ko guba ka ba su, sai su lumshe ido su ce wai suna jin ƙamshin ciyawa bayan ruwan sama, ko na tsohon sirdi. Darcy ya kurɓa, ya lalubi irin wannan maganar, ya rasa.

"Abokina, wannan ai ruwan wanke-wanke ne."

"Daɗinta a ɓoye yake. Sai gwani."

"Da me ka yi ta?"

"Da hatsinka na ƙofar baya."

Darcy ya nemi wuri ya zauna. "Ashe kai ne ka yi kokawa da Merv. Dusar nan mun riga mun shanye zaƙinta. Yis zaƙi yake ci, sannan ya ba ka giya da kumfa. Kai ka kulle shi a duro ba abinci. Zo in ba ka buhun sha'ir na gaske, in nuna maka daga farko."

"Lokaci ya ƙure. Zaƙi ne kawai matsalar?"

"Ba shi kaɗai ba ne, akwai..."

"Sukari fa?"

"Sukari sai lokacin ɗurawa a kwalba, don kumfa. Ƙaramin cokali. Ɗaya tak. Kana ji na? Ɗaya."

Mutumin ya fito yana murmushi yana kaɗa kai. Wato shi za a raina wa hankali? Darcy tsoro yake ji kada a ƙwace masa kasuwa. Cokali ɗaya yake gaya wa baƙi, shi kuwa in ya rufe ƙofa Allah kaɗai ya san nawa yake zubawa. In cokali ɗaya yana kawo kumfa, ai ludayi lambar yabo zai kawo.

Ranar kwashe shara ya bi layi yana buɗe kwandunan sharar mutane masu rawayan marfi, waɗanda ake ware wa kwalabe da gwangwanaye, yana tsintar kwalabe: na giya, na man zaitun, na ruwan tumatir, duk wadda ta samu. Kowace ya ɗura mata ludayin sukari, ya cika ta da ruwan duro, ya toshe, ya ɗaure bakin da waya.

Bayan 'yan kwanaki, Kerryn na shanya a bayan gida, sai ta ji "Tau!" daga gareji. Kyanwarta ta haye katanga, ba a sake ganinta ba sai da yunwa ta koro ta.

"Kai! Me ya fashe?"

"Ba fashewa ba ce, Yaya. Giyar ce take nuna."

"In ta gama nuna, gidan zai rage?"

Asabar ta zo da zafin da ke narkar da kwalta, don a Melbourne Janairu tsakiyar lokacin zafi ne. Ya jera kwalaben a bayan a-kori-kura, ba rufi ba ƙanƙara, wai sanyi yana kashe ɗanɗano. Ya bi ta kan layin dogo a guje, kwalabe na tsalle suna karo da juna.

Sito ya cika da jama'a. Ana gasa sosej a ƙofa, niƙaƙƙen naman nan da ake ɗurawa a hanji, ana sawa a burodi da albasa. Masu neman wuri sun baje kayansu: wata da sabulun madarar akuya, wani da wuƙaƙen da ya ƙera. Shi kuwa ya zaɓi teburin da ke ƙarƙashin manyan tagogi, inda rana take dukan kwalaben sosai, wai don su yi kyau a ido. Da aka zo kansa ya shafa gemu ya yi gyaran murya.

"'Yan'uwa, kullum kuna cewa a sayi na gida. To, duk abin da ke cikin kwalbar nan na unguwa ne. Hatsi na Darcy. Kwalabe na shararku. Tukunya ta yayata."

Darcy ya matso ya duba kwalba ɗaya. Marfinta ya kumbura, tana wani ɗan tsaki a hankali.

"Abokina, cokali nawa ka sa?"

"Ludayi. Ka ɗauka ban gano ka ba?"

Darcy ya ja da baya. "Kada kowa ya taɓa teburin nan! A fita a hankali!"

"Kun ji hassada ko?" in ji mutumin. Ya ɗauki kwalba mafi girma. "Bari in girgiza ta, ɗanɗanon ya farka."

Ɗanɗano kuwa ya farka. Marfi ya tashi sama ya fasa fitila. Ya saki kwalbar ta faɗa kan 'yan'uwanta, su ma suka amsa. Tau! Tau! Ɗum! Taga ta farko ta zube, ta biyu ta bi ta, ta uku ma ba ta tsaya jira ba. Noelene ta shige ƙarƙashin tebur. Merv, da ya zo cin sosej kawai, ya kwanta rub da ciki ya rufe kai da hula yana cewa gara aladu. Mai wuƙaƙe, ƙato da shi, ya ɓuya a bayan mai sabulu. Wani ya kira 'yan kwana-kwana, wani ya kira matarsa yana neman gafara.

Da ƙara ta lafa, aka ɗaɗɗago kai. Ikon Allah, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Gogan naku yana tsaye a tsakiyar fili, kumfa na ɗiga daga gemunsa, yana washe baki.

"Kun ga ƙarfi? Kun ga kumfa? To, sai a ɗaga hannu."

Noelene ta fito daga ƙarƙashin tebur tana kakkaɓe gashi. "Ɗan nan, mu masu sana'a muke tallafawa. Masu ƙera makamai Canberra suke zuwa, babban birni, wurin gwamnati."

"Ke kika ce duk wanda ya kawo abin hannunsa za a ɗaga masa hannu."

Ta yi ajiyar zuciya. Ƙa'ida ce, ba yadda za ta yi. "Jama'a, wa ya yarda a ba wannan mutumin wuri a siton nan?"

Kowa ya tura hannu cikin aljihu, don kada ma a yi kuskure. Can daga baya sai hannu ɗaya ya tashi. Wani dattijo ne, Phong Quach, zaune da kofin lemo, yana kallon tagogin da suka zube.

Mutumin ya ruga ya kama hannunsa yana jijjigawa. "Ga wanda ya san giya! Baba, gaya musu! Gaya wa mahassadan nan abin da ka gani a cikinta!"

"Ni ko giya ba na sha, ɗana. Gilashin taga nake yankawa. Da kwalabe kawai ka samo mini wannan aikin, ina so in ga ranar da za a ba ka tanki."